Ɗaukewar Ruwa Da Saukar Sanyi A Tsaunukan Kaduna: Abin Da Hasashen Yanayi Ke Tsallakewa

Idan ana hirar damina a jihar Kaduna, hankalin kowa kan tafi ne ga farkonta: yaushe ruwan shuka zai sauka, za a yi fari bayan tsiro ko ba za a yi ba, nawa buhun taki ya kai. Ƙarshenta ba a cika waiwayarsa ba sai ya yi ɓarna. Alhali duk wanda ya daɗe da fartanya a hannu ya san makonni uku zuwa huɗu da ke tsakanin ruwan ƙarshe da isowar hunturu su ke yanke hukunci a kan wahalar wata biyar. A cikinsu ne dawa ke cika ido ko ta tsotse, wake ke ɗaukar 'ya'ya ko ya zubar da fure, masara ke bushewa a kara ko funfuna ta kama ta. Kuma waɗannan makonni ba sa zo wa kowa rana ɗaya, ko da a ƙaramar hukuma guda ake.

Sai an fara da shimfiɗar ƙasar kafin maganar ta fito. Faɗin jihar ya kai murabba'in kilomita 46,000 da 'yan kai. Arewacinta, wajen Zariya, Giwa da Makarfi, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai tsayin wajen mita 600 zuwa 700 daga teku, sai ɗaiɗaikun duwatsu irin Kufena da ke tsaye su kaɗai. Idan aka nausa kudu maso gabas kuwa, ƙasar sai ta fara hawa, ta Kauru, Zangon Kataf, Kaura da Jama'a, har ta jingina da bangon tsaunin Jos. Dutsen Kagoro ya haura mita 1,200, kusan daidai da tsayin garin Jos kansa. Ruwan shekara ma haka yake bin wannan hawa. Zariya kan samu wajen milimita 1,000 zuwa 1,100, birnin Kaduna wajen 1,200, yankin Kafanchan da Kagoro kuma yakan wuce 1,500. A Kafanchan ruwa kan kankama tun watan Afrilu, ya kai ƙarshen Oktoba, wata shekarar har ya leƙa Nuwamba. A Zariya sai Mayu ake samun na shuka, kafin tsakiyar Oktoba kuma yawanci ya yi sallama.

Iskoki biyu ne ke juya wannan al'amari. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙarau. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar ba a wuri ɗaya take zama ba. Tun daga Fabrairu take tafiya arewa a hankali, har a watan Agusta ta kai can cikin Jamhuriyar Nijar, wajen digiri 20 arewa da tsakiyar duniya. Daga nan sai ta juyo, kuma dawowarta ta fi tafiyarta sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa damina ke shigowa da jan ƙafa amma ta fita a gaggauce.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a nan. Ruwa ba a kan iyakar yake sauka ba, sai kilomita ɗaruruwa kudu da ita. A kusa da iyakar, iskar laima siririya ce a ƙasa, busasshiya kuma tana zaune a kanta, don haka gajimare ba ya samun abin da zai girma da shi. Wannan ne dalilin abin da ake gani a Zariya da Soba a farkon Oktoba: hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas, a yi cida, iska ta taso ta kwashe shanyar mutane, sannan ya watse ba ko ɗigo. A ranar kuwa mai yiwuwa ana tafka ruwa a Kwoi, can kudancin jihar.

Tsaunuka suna shiga maganar ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda aka fi sani. Iskar laima tana zuwa ta tarar da bangon dutse, ba ta da hanya sai ta hau. Duk hawan mita 1,000 zafinta kan ragu da wajen digiri 6 da rabi, laimar da ke cikinta ta zama gajimare, ta zubar da kayanta a gefen da ke fuskantar kudu maso yamma. Kafin ta tsallaka can ɓangaren Bauchi ta sauke mafi yawa. Kagoro da Kafanchan suna daidai bakin wannan ƙofa, kuma ko a ƙarshen damina, lokacin da iskar laima ta yi rauni, ɗan ɗagawar da dutse ke yi mata kan isa ya matso ruwan da fili ba zai samu ba.

Hanya ta biyu ba a cika ambatonta ba, ga shi kuwa ta fi shafar mutanen birni. Tsaunin Jos na ɗaya daga cikin wuraren da manyan hadura ke ƙyanƙyashewa a Afirka ta Yamma. Rana ta gasa dutse da hantsi, iska mai zafi ta tashi, da la'asar hadari ya haɗu, iskar sama kuma ta tura shi yamma. Shi ne hadarin gabas da ke isowa Kaduna da magariba ko cikin dare. Ruwan Agusta marka ne, yakan wuni yana zuba a kan yanki mai faɗi, kowa ya samu rabonsa. Ruwan ƙarshen Satumba da Oktoba kuwa na irin wannan hadari ne: gajere, mai ƙarfi, da iska a gaba, kuma mai wariya. Yakan jiƙa gonar wani sharkaf ya bar ta maƙwabcinsa da ke bayan tudu tana ƙura. Idan ya tarar da masara ta yi nauyi ko dawa ta miƙe, sai a wayi gari an ce ruwa ya yi gyara, gona ta kwanta.

Babu amfanin gona da ke nuna muhimmancin ranar ɗaukewar ruwa kamar dawar gargajiya, irin su farafara da kaura. Ita wannan dawa ba kwanakin shuka take ƙirgawa ba kamar yadda masarar zamani ke yi. Tsawon rana take saurare. Ko a farkon Yuni aka shuka ta, ko a ƙarshensa, za ta yi ta tsayi tana jira, sai yini ya fara gajarta bayan tsakiyar damina sannan ta yi ciki ta fid da kai. Binciken da aka yi a Samaru ta Zariya tun shekarun 1960 ya nuna cewa irin kowane yanki yana fid da kai ne daidai da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a yankin. Ma'ana kakanninmu, ta hanyar zaɓar zangarniyar da ta fi kyau kowace kaka su ajiye don iri, sun saita dawarsu da yanayin ƙasarsu ba tare da sun taɓa ganin ma'aunin ruwa ba. Hikimar ita ce ƙwaya ta cika da ragowar danshin ƙasa, ta nuna a busasshiyar iska.

To ka ga inda matsalar take. Idan ruwa ya ɗauke mako biyu kafin lokacinsa, dawa na fid da kai a kan busasshiyar ƙasa, musamman a jigawa da gangaren dutse inda ƙasa ba ta da zurfi. Zangarniya ta fito, amma idan ka murza ta a tafin hannu ka hura, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Idan kuma ruwan ya zarce, ƙwayar da ta fara nuna sai ta yi baƙi-baƙi, tuwonta ya canza launi, mai saye a kasuwa ya karya farashi. Haka nan wanda ya ɗauko iri daga Ikara ya kai Kachia, zai ga dawarsa ta nuna ana tsakiyar ruwa. Wanda ya yi akasin haka, tasa na fid da kai ƙasa ta riga ta bushe. Sau da yawa sai a ɗora laifin a kan taki ko a ce irin ba shi da kyau. Irin lafiyarsa lau, garinsu kawai aka raba shi da shi.

Masara kuwa, wadda ita ce ƙashin bayan noman Saminaka, Lere da Kauru, buƙatarta a kaka ita ce bushewa. Kafin a zuba ta a buhu ana son danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin 100. Wadda aka karya ana ruwa aka tara a ɗaki, ko aka shanya a ƙasa raɓa na bugunta, ita ce funfuna ke kamawa, kuma wani nau'in funfunar na barin guba da ke lahanta hanta, ga mutum da kaji baki ɗaya. Kamfanonin abincin kaji da ke sayen masara da yawa sukan gwada danshinta kafin su karɓa, don haka ruwa ɗaya na Oktoba na iya zama bambanci tsakanin farashin kamfani da na ɗan kasuwar da zai taya ta a wulaƙance.

A Kachia, Jaba da Kagarko, inda mafi yawan cittar Najeriya ke fitowa, lissafin ya fi tsauri. Ana tono citta, a tsaga ta biyu da wuƙa, a baje a kan falalen dutse ko fako ko tamfol. Wanda ya bi hanyar Kwoi a Nuwamba da Disamba ya san ƙamshin tun kafin ya ga shanyar. Mata da yara na zaune a gefe suna tsagawa, ana juya ta da hannu, idon kowa kuma na kan gabas. Citta na son rana da busasshiyar iska na kwanaki a jere. Idan ruwan ba-zata ya same ta a shanya, farin da ke cikinta sai ya dushe, ta yi tabo, ta faɗi daraja. Manomin da ya yi gaggawar tono don ya biya kuɗin makarantar yara yana caca ne da ranar da ruwa zai yi sallama ta gaskiya. Annobar da ta cinye gonakin citta a 2023, wadda cutar funfuna ta haddasa, ta ƙara tuna wa mutane cewa danshi a wannan yanki ba abin wasa ba ne.

Sai kuma sanyi. A ƙasashen Turai da Amurka, abin da manomi ke tsoro a kaka shi ne daren farko da raɓa za ta daskare a kan ganye, domin daren nan shi ke kashe tumatir da kabewa, ya rufe shekarar noma. Mutanen can suna rubuta ranar kowace shekara. A Afirka ma ana samun haka a tsaunukan Habasha da Lesoto, da gonakin shayi na Kenya. Kaduna ba ta kai can ba. Tsayin duwatsunmu bai isa ba, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka ƙasa da digiri 15, wani daren ya kusanci 10 a wajen Zariya, nesa da sifilin da ruwa ke daskarewa. Amma dokar da ke kawo musu ƙanƙara ita ce dai ke raba mana sanyi, kuma ta saɓa wa abin da yawancin mutane ke zato.

Ana ɗauka cewa kan dutse ya fi ko'ina sanyi. Da rana haka ne. A daren da sama ta washe, iska ta kwanta, labarin ya juya. Ƙasa na sakin zafin da ta tara da rana, babu gajimare ko laimar da za ta tare shi, iskar da ke manne da ƙasa ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta gangaro kamar ruwa ta taru a kwari. Da asuba mai lambu a fadama na rawar ɗari, na tsakiyar gangare kuwa da 'yar riga ɗaya ya fito. Bambancin kan kai digiri da dama tsakanin wurare biyu da ke hango juna. Farin hazon da ke kwanciya a kan rafuka a ƙarshen Oktoba, dutse na leƙowa ta samansa, alamar wannan taruwar ce. Shi daban ne da hazon ƙura na hunturu, wanda mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso shi.

Tsakanin ɗaukewar ruwa da isowar hunturu akwai kwanakin raɓa, kuma su ma suna da nasu aiki. Iskar laima ba ta gama janyewa ba, dare kuma ya fara sanyi, sai a wayi gari ciyawa ta jiƙe kamar an yi yayyafi. Manoman wake suna ba wannan raɓa muhimmanci, kuma da dalili: safiya mai danshi da sanyi na rage ƙishin shuka, ta ja wa ragowar danshin ƙasa kwanaki. Ran da hunturu ya shigo sosai, laimar iska da ta haura kashi 80 a Agusta sai ta faɗo ƙasa da 20 da rana tsaka, raɓa ta ɓace, leɓe ya fara tsagewa, waken da bai gama cika ba ya tsaya inda yake. Ga mai noman rani a fadamar kogin Galma ta wajen Zariya kuwa isowar sanyin albishir ce, don tumatir na son dare mai sanyi kafin ya ɗauki 'ya'ya, alkama kuma ana son ta shiga ƙasa a Nuwamba don ta ci moriyar ɗari. Mai 'yan tsaki a kwari shi kuma gawayi yake nema.

To wa ke auna duk wannan? Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa, tana fitar da hasashen shekara a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran farawa da ɗaukewar ruwa. Aiki ne mai amfani, kuma ya kamata malaman gona su riƙa kai shi ƙauye. Amma hasashe yana tsayawa ne a kan ma'aunai, manyan tashoshin da aka fi dogara da su a jihar nan kuwa suna Kaduna da Zariya ne, duka a fili. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922, tana da tarihin ruwa mai tsawo, ita ma a fili take. Hukumar yanayi ta duniya ta ba da shawarar ma'auni ɗaya ga kowane murabba'in kilomita 575 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ɗaya kuma ga kowane 250 a ƙasar tsaunuka. Ko da lissafin fili aka bi, jihar Kaduna na buƙatar wajen 80.

Wani zai ce ai akwai tauraron ɗan'adam, kuma ga manhajar yanayi a kowace waya. Tauraron da aka fi amfani da shi a nan ba ruwan yake gani ba, sanyin saman gajimare yake aunawa, ya ƙiyasta cewa gajimare mai tsayi da sanyi shi ke zubar da ruwa. Wannan na aiki ga manyan hadura. Ruwan da ke zuba daga gajeren gajimaren da ya jingina da dutse kuwa yakan kuɓuce masa, don samansa bai yi sanyin da za a ƙirga shi ba. Manhajar waya kuma ta raba duniya ne gida-gida, kowane gida kilomita 10 ko fiye, ta ba shi tsayi ɗaya da zafi ɗaya. A wajenta kan dutsen Kagoro da gindinsa wuri ɗaya ne.

Akwai kuma lissafin taurari da malamai da dattawa ke riƙe da shi, taurari 28, kowane kwana 13 in ban da Jabha mai 14, bakwai ga kowane yanki na shekara. Na kaka suna farawa da Sarfa wajen ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Ni ina girmama wannan lissafi, don ya koya wa mutane bin shekarar rana a lokacin da watannin Hijira ke zagayawa. Sai dai ya fi dacewa da ƙasar Sakkwato da Katsina. Lokacin da Sarfa ke shiga, mutumin Zonkwa a kudancin Kaduna na da ruwan kusan wata biyu a gabansa.

Abin da ya rage shi ne mutane su auna da kansu, kuma ba wani abu ne mai tsada ba. A jihar Kolorado ta Amurka, bayan ambaliyar da ta auka wa garin Fort Collins a 1997, an gano cewa ruwan da ya sauka a wata unguwa ya ninka na wata sau da yawa, tashoshin hukuma kuma ba su nuna hakan ba. A 1998 aka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai masu auna ruwa a bayan gidajensu, yau sun bazu ko'ina a ƙasar. Kayan aikin nasu bututun roba ne mai zane. A nan ma gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, da rula, sun isa a fara. A kafa shi a fili, nesa da bishiya ko ɗaki da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, a ɗaga shi daga ƙasa don kada fantsama ta shiga, a tsare shi daga awaki. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, domin fili a littafi ba ya nuna ko ruwan ne bai zo ba ko mai aunawa ne ya tafi biki, kuma a kaka sifilin nan shi ne labarin.

Ga sanyi kuma ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙantar abin da dare ya kai ake buƙata, a rataye shi a inuwa wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Idan ƙauye zai samu biyu, ɗaya a fadama ɗaya a tudu, mako ɗaya na Disamba ya isa ya nuna inda ya dace a gina ɗakin kaji. A gefen lambobin a riƙa ƙara abin da ido ya gani: ranar da iska ta juya ta fara zuwa daga arewa maso gabas, ranar da raɓa ta daina, ranar da dawa ta fid da kai. Littafin shekara ɗaya hira ce kawai. Na shekara biyar zuwa goma shi ke iya gaya wa mutum cewa a kwarinsu ruwan ƙarshe ya fi yawan faɗowa a mako na nawa na Oktoba, da kuma iyakar yadda yake gaba ko baya.

Ba manomi kaɗai zai amfana ba. Kogin Kaduna daga tsaunin Jos yake tasowa, ya yi tafiyar wajen kilomita 550 kafin ya shiga kogin Neja. Ruwan da ke cika shi a Satumba, lokacin da ƙasa ta ƙoshi ba ta ƙara shan komai, a can tsaunuka ya sauka kwanaki kafin nan. Mutanen bakin kogi a birnin Kaduna, waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012, sukan ga ruwa na hawa alhali a unguwarsu rana ake ƙwallawa. Saƙon waya daga masu aunawa goma a Lere da Kauru zai iya ba su lokacin kwashe kaya.

Wahalar ba ta kayan aiki ba ce, ta ɗorewa ce. Makarantun firamare su ne wurin da aka fi tunani, amma dogon hutu na faɗowa a Agusta, a tsakiyar marka, don haka dole littafin ya zauna a hannun wanda ke kwana a garin: mai gadi, ladan, malamin coci, ko ma'aikacin asibitin ƙauye. Rashin tsaro kuma ya hana mutane da yawa a Kajuru, Kauru da Kachia zuwa gonakin nesa, sai dai a kafa ma'aunin a bakin gari. Sannan akwai batun inshorar noma, wadda ake ta ƙarfafa manoma su shiga. Wani nau'inta ba ya aiko kowa duba gona, yana biya ne idan lissafin tauraro ko na tasha mafi kusa ya nuna ruwa ya gaza. Manomin da ruwa ya yanke masa a bayan tudu, alhali ya sauka a kan tashar da ke nesa da shi da kilomita 100, ba shi da takardar da zai nuna.